Zaɓen Unguwa ga Mai Ƙaura da Iyalinsa Zuwa Yamai

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a kowace shekara muna ganin magidanta daga Maradi da Damagaram da Tawa suna tattara iyalansu zuwa Yamai, wani saboda canjin wurin aiki, wani kasuwanci, wani kuma karatun ƴaƴansa. Da yawa suna jiran a yi sallah kafin su tashi. Abin da muka lura shi ne, tambayar farko da akan yi wa dillali ita ce: nawa ne kuɗin haya? Sau da yawa kuma ita ce ta ƙarshe. Alhali mai gida, idan ya zaɓi unguwa, ya zaɓa wa matarsa abokan zama, ya zaɓa wa ƴaƴansa abokan wasa, ya zaɓa wa kansa sahun da zai tsaya a ciki sau biyar kullum. Wannan amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Mu dubi Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A Suratu Ibrahim, aya ta 37, ya ajiye iyalinsa a kwarin Makka inda babu shuka, kusa da Ɗakin Allah, kuma dalilin da ya fara ambata shi ne su tsai da salla. Bayan nan ne ya roƙa musu soyayyar mutane, sannan arzikin abinci. Jerin da za mu bi ke nan: salla, mutane, sannan abin rayuwa.

Game da salla, da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya isa Madina, masallaci ya fara ginawa, ɗakunan iyalinsa kuma a jikinsa. Saboda haka kafin ka biya ko dala, je ka yi sallar asuba a masallacin unguwar, ka ga sahu nawa ke tsayawa. Ka tambaya ko akwai makarantar allo ko islamiyya da yaro zai iya zuwa da ƙafarsa ba tare da ya tsallake babban titi ba. Watan azumi ya fi kowane lokaci bayyana halin unguwa: a tarawihi da buɗa-baki za ka ga ko mutanenta sun san juna. Amma kada a fahimce mu cewa dole gida ya manne da masallaci. A Sahihu Muslim, Banu Salima sun so su taso kusa da masallacin Annabi, sai ya umarce su da zama a gidajensu, domin ana rubuta musu ladan takunsu. Abin nufi shi ne ka iya riskar jam'i, musamman asuba da isha'i.

Game da mutane, magabata kan ce a nemi maƙwabci kafin gida. Allah ya yi wasiyya da maƙwabci na kusa da na nesa a Suratun Nisa'i, aya ta 36. A Yamai masu ƙaramin ƙarfi da yawa suna zama a gidan haya na tarayya, inda iyalai da dama ke haɗa tsakar gida da famfo da bayan gida. Kai za ka fita da safe, maiɗakinka ce za ta wuni da su. Don haka shawararta wajibi ce a kanka ta fuskar kyautatawa. Ka kai ta ta gani da idonta. Ka tambayi liman da mai unguwa da mai shago, domin dillali ladansa yake nema. Kuma kada ka ce sai inda Hausawa suka yi yawa. Yamai gari ne na Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye da sauransu, kuma maƙwabcin kirki ba a gane shi da harshe.

Game da abin rayuwa, abubuwa biyu muke son jan hankali a kansu. Na farko ruwa. Kogin Isa ya ratsa Yamai, kuma a daminar 2020 ya yi ambaliya, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoy a hayin kogi, da Saga a ɗaya gaɓar, gidaje masu yawa suka rushe. Gidan da ke cikin kwari ko bakin ƙorama yakan yi araha, kuma a lokacin rani ba ka ganin aibinsa. Ka dubi gindin katanga ko akwai shatin ruwa, ka tambayi tsofaffin mazauna inda ruwa ke bi a watan Agusta. Dogaro ga Allah ba ya hana ɗaure raƙumi. Ka tambaya kuma ko famfo na kawo ruwa, ko sai an saya wajen ƴan ga-ruwa, domin wannan ma kuɗin haya ne na biyu.

Na biyu nisa. Sababbin unguwanni na bayan gari sun fi sauƙin haya fiye da tsakiyar birni. To amma wanda sana'arsa ke Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata, ya lissafa kuɗin taksi ko faba-faba na zuwa da dawowa a wata, nasa da na ƴan makaranta, ya haɗa da hayar. Wanda zai zauna Harobanda alhali aikinsa na wancan ɓangare, ya san kullum sai ya hau gada. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafi: uban da ke fita kafin yara su tashi, ya dawo sun yi barci, ya bar tarbiyyarsu a hannun titi. Haka nan ka san inda gidan likita mafi kusa yake, domin naƙuda da zazzaɓin yaro ba sa jiran gari ya waye.

Idan haya ce, a rubuta sharaɗi a gaban shaidu: kuɗin wata, kuɗin ajiya, da wanda gyara ke kansa. Idan sayen fili ne, kada a biya sai an tabbatar da takardarsa a ma'aikatar magajin gari, saboda akan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Kuma kada kunya ko gasa su sa mutum ya kama gidan da ya fi ƙarfinsa, har ya faɗa bashi da riba.

Bayan bincike da shawara, sai a yi istihara. Idan an tare, ku fara gaida maƙwabta, ku aika musu da abin da ya sawwaƙa, domin mai neman maƙwabci nagari shi ma ana nemansa ya zama nagari.

Allah ya zaunar da mu cikin mutanen kirki, ya tsare iyalanmu, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.