Zaɓen Sirinji ga Mai Yi wa Kansa Allurar Testosteron

Testosteron shi ne sinadarin da maraina ke samarwa a jikin namiji, wanda ke kawo kaurin murya da fitowar gemu da ƙarfin tsoka. A shekarar 1935 ne masana suka fara ware shi a birnin Amsterdam, kuma a wannan shekarar aka gano yadda za a harhaɗa shi a ɗakin bincike. Idan jikin mutum ya kasa samar da isasshe, likita kan rubuta masa allura, wani lokaci har ya koya masa yadda zai riƙa yi wa kansa a gida. Daga nan awon maganin ya koma hannun majiyyaci ke nan.

Tushen wahalar kuwa shi ne, likita da miligiram yake rubutu, wato nauyin magani, sirinji kuma da mililita aka zana shi, wato yawan ruwa. Abin da ke haɗa biyun shi ne ƙarfin maganin da aka rubuta a jikin kwalba. Alal misali, nau'in da ake kira cypionate a Amurka yawanci miligiram 200 ne a cikin kowace mililita, akwai kuma mai 100. Wanda aka ce ya yi miligiram 50 daga kwalba mai 200, zai zuƙi mililita 0.25 ne kacal. Idan aka sauya masa kwalba, lissafin ma ya sauya.

To, a nan girman sirinji ya zama abin lura. Sirinji mai mililita 3, tazarar da ke tsakanin layukansa mililita 0.1 ce. Mai neman 0.25 ba zai tarar da layinsa ba sam, sai dai ya kintaci tsakiyar layi biyu. Kuskuren layi ɗaya kuma miligiram 20 ne, kusan rabin abin da aka rubuta masa. Sirinji mai mililita 1 kuwa kashi ɗari aka raba shi, kuskuren layi ɗaya bai wuce miligiram 2 ba. Mai sayar da turare ba ya awo da mudu. Haka nan ƙaramin awo ƙaramin sirinji yake bukata. Wannan bambanci ba wasa ba ne, domin yawan maganin kan sa jini ya yi kauri, ƙarancinsa kuma ya dawo da kasalar da aka je neman magani saboda ita.

Wasu kan yi amfani da sirinjin insulin na masu ciwon sukari. Yana da kyau wajen awo, amma lambobinsa na insulin ne: a wanda ake kira U-100, lamba 100 ita ce mililita ɗaya, lamba 25 kuma ita ce 0.25. Wanda ya ɗauki lambobin nan a matsayin miligiram ya ɓata lissafi tun daga farko.

Sa'an nan akwai maganar bakin allurar. A cikin mai ake narkar da maganin, kamar man angurya ko man riɗi, don haka yana da kauri. Lambar allura kuwa a juye take, wato iyakar girman lamba iyakar sirancin ƙarfe. Shi ya sa akan zuƙo da mai lamba 18 ko 20, a sauya zuwa 23 ko 25 kafin a soka. Ta tsoka takan kai inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta ƙarƙashin fata ba ta kai haka. Sirinjin da ake murɗa wa allura ta kulle ya fi wanda ake cusawa kawai, don matsin mai kan iya fizge ta.

Bayan an sauya allura, sai a ɗaga bakin sama, a ƙwanƙwasa sirinjin kumfar iska ta taso, a tura har ɗigon mai ya bayyana. Sai bayan haka ake karanta awo, a daidai gefen baƙar robar da ke taɓa maganin, sirinjin yana daidai da ido. Sirinji da allura sau ɗaya ake amfani da su, ba a kuma yin tarayya da kowa, saboda ciwon hanta da ƙanjamau.