Masu Gida Ba Gida: Abin Da Kakar 2022 Ta Koya Wa Magoya Bayan Pillars

A cikin watan Yuli na 2022 aka rufe gasar ƙwallon ƙafa ta rukuni na ɗaya ta Nijeriya. Ƙungiyar Rivers United ta Fatakwal ce ta ɗauki kofi, ƙungiyoyi huɗu kuma suka gangara rukuni na biyu, watau Katsina United, da Heartland ta Owerri, da MFM ta Ikko, da kuma Kano Pillars. Faɗuwar ukun farko ba ta ta da hankalin jama'a kamar ta huɗun ba, domin Pillars ita ce ƙungiyar da Arewa ke tinƙaho da ita, kuma da wuya a sami wadda ta kai ta yawan 'yan kallo a duk faɗin ƙasar nan.

Wanda bai san tarihinta ba, ba zai gane zafin abin ba. An kafa ta a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na Kano wuri guda. Ta ci gasar ƙasa a 2008, sa'an nan ta ci sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Amma abin da ya fi duk waɗannan kwarjini shi ne gidanta, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, wasa 202 ke nan na gasar ƙasa, babu baƙon da ya ci Pillars a gida, sai ranar da Nasarawa United ta yi mata biyu da ɗaya. Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ba a banza ya kama bakin mutane ba.

Dalilin da ya sa gida ke da wannan nauyi a fili yake. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana yin wasa 38, rabi a gida, rabi a waje. Nasara maki uku ce, kunnen doki maki ɗaya. Baƙi kan sha doguwar tafiya a mota kafin su iso, su shiga fili da gajiya, su tarar da dubban mutane suna yi musu ihu. Saboda haka cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai a Nijeriya, kuma ƙungiyar da ta kasa tara maki a wasanninta 19 na gida, to, ta kama hanyar gangara.

Nan ne fa gizo ya yi saƙa a kakar 2021 zuwa 2022. Pillars ta fara kakar tana karɓar baƙinta a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, fiye da kilomita 200 daga Kano. Ƙwallo ta ƙi shiga raga, maki ya ƙi taruwa, ƙungiyar tana ta lilo a gindin tebur. Mai sana'ar da a dā yakan rufe rumfarsa da la'asar ya taka zuwa Ƙofar Mata, yanzu sai ya nemi kuɗin mota da na abinci, ya kuma bar kasuwarsa yini guda. Mafi yawa sai suka koma sauraron sakamako a rediyo, suna jiran ranar da za a dawo musu da ƙungiyarsu.

Ranar ta zo a cikin watan Afrilu na 2022, aka dawo Kano don karawa da maƙwabta, Katsina United. Fili ya cika. Amma kafin a tashi sai hatsaniya ta ɓarke, wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka tsai da wasa, aka kuma farfasa motar baƙi. Hukumar da ke tafiyar da gasar a lokacin, watau LMC, ta ci Pillars tarar Naira miliyan 9, ta kuma kora ta zuwa filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, fiye da kilomita 400 daga Kano. Gidan da aka yi watanni ana marmari, a yini ɗaya ya suɓuce. Garin neman gira aka rasa ido.

Ba a gama jinyar wannan ba, sai a watan Yuni aka sake samun tashin hankali a wasa da Dakkada, inda hukuma ta sami wani babban jami'in ƙungiyar da laifin kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu. Aka zaftare wa Pillars maki uku, a daidai lokacin da kowane maki ɗaya yake da darajar zinariya. Bayan 'yan makonni sai labarin faɗuwa ya tabbata.

Zalunci ne a ɗora wa 'yan kallo laifin duka. 'Yan wasa sun yi sakaci a wasanni da dama, shugabanni ma suna da nasu kason, kuma kukan da ake yi da alƙalanci a gasar Nijeriya tsohon kuka ne. Haka nan waɗanda suka yi jifa 'yan tsiraru ne cikin dubbai. Sai dai doka ba ta tantance mai jifa da mai tafi. Ƙungiyar da ke karɓar baƙi ita ke da alhakin tsaron alƙalai da baƙi, ita ce kuma za ta amsa laifin duk wanda ya shiga filinta. Mai goyon baya ba ya iya sayen ɗan wasa, ba ya iya zaɓen mai horarwa, ba ya iya buga ƙwallo. Abu guda ke hannunsa, shi ne ya cika fili ya kuma tsare mutuncinsa, domin gida ya ci gaba da zama gida.

Akwai inda aka ga irin wannan goyon baya a aikace. Ƙungiyar Sunderland ta Ingila ta faɗi sau biyu a jere, a 2017 da 2018, har ta sami kanta a rukuni na uku. Duk da haka magoya bayanta suka fito da kansu suka taya sauya kujerun filin da suka koɗe, kuma ran 26 ga Disamba, 2018, mutum 46,039 suka je kallon wasanta da Bradford City. Shekara huɗu ta yi a wannan rukuni, ba ta koma na ɗaya ba sai a 2025, amma ba ta taɓa rasa masu zuwa kallo ba.

Ita Pillars ba ta daɗe haka ba. Kyaftin ɗinta, Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, bai gudu ba, ya bi ta rukuni na biyu. A 2023 ta koma rukuni na ɗaya tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos, Kano ta yi murna. Sai dai murnar ba ta kawar da tsohuwar cuta ba. A watan Oktoba na 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta rama ƙwallo ana dab da tashi a Ƙofar Mata, wasu suka sake afka wa alƙalai da baƙi. Aka sake cin tara, aka sake rage maki uku, aka sake kora ta daga gida, wannan karo zuwa Katsina.

Asarar ba ta tsaya kan maki ba. Ranar wasa ranar kasuwa ce ga masu sayar da ruwa da rake da tsire, da masu a-daidaita-sahu, da masu ɗinka riguna kore da ruwan ɗorawa. Duk lokacin da aka rufe fili, su ma an rufe musu ƙofar abinci. Yaran da ke tasowa kuma sai su koma gidajen kallo, su riƙe ƙungiyoyin Turai.

Saboda haka aikin da ke gaban shugabannin magoya baya, da dattawan unguwanni, da gwamnatin jiha mai ƙungiyar, shi ne su riƙe hannun mai jifa tun bai ɗaga ba, su kuma raka baƙo har bakin mota ko da shi ya ci wasa. Kowace ƙungiya tana da kakar wahala. Wadda masoyanta suka iya haɗiye fushi suka dawo mako mai zuwa, ita ce takan fita da sauran ƙarfinta.