Ko Kun Sani?

Ruwan matsarmama, wanda masu gyaran kifi a kasuwar Yauri ke kaffa-kaffa da shi kada ya fashe, jikin mutum ba ya wasa da nasa. Kusan kashi 95 cikin 100 na sinadaran ɗacin da hanta ke zubawa cikin hanji don narkar da maiƙo, jini ne ke sake mayar da su hantar. Ɗan abin da ke zagayawa a jini kuwa, awonsa sai da dabara. A cikin jinin da aka ɗiba, masana kan zuba sanannen adadi na tagwayen sinadarin, wanda aka ƙara wa nauyi da diyuteriyam, wato haidurojin mai nauyi. Na'ura ta bambance su ta nauyi, a gwada wannan da wancan.