Horon Hannu Kafin Ɗinkin Jijiya

Daga cikin fannonin likitanci da Allah Ya hore wa mutanen wannan zamani, da wuya a sami wanda ya kai fiɗar da ake yi a ƙarƙashin madubin likita bukatar natsuwar hannu da haƙurin zuciya. Da ita ne ake mayar da yatsan da inji ya guntule, da ita ne kuma ake ɗebo tsoka da fata daga cinyar mutum, tare da jijiyoyinsu, a dasa a fuskarsa inda ciwo ya cinye. Asirin aikin duka yana ga haɗa bakin jijiyar jini da bakin 'yar'uwarta, alhali kuwa sau da yawa kaurinta bai wuce milimita 1 ba, zaren da za a ɗinka ta da shi kuma bai kai rabin kaurin gashin kai ba.

Fannin bai daɗe a duniya ba. A 1921 ne wani likitan kunne na ƙasar Suwidin, Carl Nylén, ya fara sa madubi a aikin fiɗa, a 1960 kuma Julius Jacobson na Jami'ar Vermont a Amurka ya nuna ana iya ɗinka ƙananan jijiyoyi da shi. A 1964 wani likita, Harry Buncke, ya ba da labarin kunnen zomo da ya yanke ya mayar, ya kama, bayan ya daɗe yana ƙera alluransa da kansa a garejin gidansa. Shekara guda bayan haka wasu likitoci biyu, Komatsu da Tamai, suka mayar wa wani mutum babban yatsansa a Japan. Abin lura shi ne kunnen zomo ya riga yatsan mutum, kuma a kan wannan tartibi malaman fannin suke har yau, domin jikin majinyaci amana ne, ba ya halatta a mai da shi wurin koyo ga wanda hannunsa bai faɗa ba.

Saboda haka aka kafa ɗakunan gwaji inda ɗalibi zai yi ta kuskure ba tare da ya cuci kowa ba, kamar yadda almajiri ke rubutu a allo yana wankewa kafin a yarda masa ya taɓa takarda. Da farko ma ba a ba shi nama. Zama ake koya masa: ya daidaita kujera, ya kafa damatsansa a kan tebur, ya riƙe hantsaki yadda ake riƙon alƙalami, ya kuma saba da aiki da hannun da ba ya kallo, tun da idanunsa na cikin madubi. Madubin nan, da yake yana ƙara girman abu ninki goma ko ashirin, haka yake ƙara girman rawar hannu, har wanda yake zaton hannunsa tsayayye ne ya ga bakin hantsakinsa yana kaɗawa. Daga nan sai a yanko safar hannu ta roba, a ɗaure ta a kan ɗan katako, a tsaga, a ce ya ɗinke tsagar, yana koyon shigar da allura a miƙe da ƙulla zare ba tare da ya tsinke ba. In ya ƙware, a ba shi siririn bututun roba ya haɗa bakinsa biyu.

Amma roba ba ta da halin nama, kuma a nan ne cinyar kaza ta sami daraja da ba wanda ya zata mata. Idan aka buɗe tsokar cinyar a hankali, za a tarar da jijiyar da ke kai jini, da wadda ke komo da shi, da farar jijiyar motsi, suna kwance kusa da ƙashi, kaurin ta farkon wajen milimita 2. A fiffike kuwa akwai wadda ba ta fi milimita 1 ba, ga wanda ya ci gaba. A kansu ɗalibi zai koyi raba jijiya da abin da ya lulluɓe ta, da share fatar bayanta daga bakin yanka don kada ta kutsa ciki, da jera ɗinki kamar takwas a kewayen baki, tazararsu daidai. Babban laifin da ake tsoro shi ne allura ta wuce ta kamo bangon baya, ta ɗinke gaba da baya wuri ɗaya, hanyar jini ta toshe, alhali daga waje aikin yana da kyan gani. Don haka in ya gama sai a ɗura ruwa mai launi a ga ko yana wucewa ko yana yoyo, sa'an nan a tsaga jijiyar a dubi cikinta, domin a ciki ne shaidar take. A wasu makarantu ana amfani da mabiyiya bayan haihuwa, da izinin mai jego, saboda yawan jijiyoyin da ke shimfiɗe a kanta.

Duk da haka akwai hukuncin da mataccen nama ba ya iya yankewa, watau hukuncin jini mai gudana. Jini yana daskarewa a duk inda aka ƙuje cikin jijiya ko aka bar zare ya yi tudu, kuma ɗinkin da ruwa ya wuce ta cikinsa lafiya yana iya toshewa da gudan jini cikin 'yan mintoci. Wannan ya sa aka daɗe ana cika horo a kan ɓeran ɗakin gwaji, wanda jijiyar cinyarsa ta yi kusa da milimita 1: a ba shi maganin barci, a matse jijiyar, a yanke ta, a ɗinke, a saki matsewa, sa'an nan a tatse jinin daga gaban ɗinkin da hantsaki biyu, a saki na farko a ga ko wurin zai sake cika. In ya cika, aiki ya yi. In bai cika ba, babu wata hujja da ɗalibi zai kawo.

Sai dai ran dabba ma abin tambaya ne, kuma shari'armu ta hana azabtar da ita ba bisa larura ba. A 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da duniyar bincike ta karɓa: a musanya dabba da wani abu in zai yiwu, a rage adadinta, a kuma sauƙaƙa mata wahala. A ganina wannan shi ne adalci a mas'alar. Wanda bai iya ƙulla zare a kan roba ba, zalunci ne a sa masa mai rai a gaba. Wanda kuwa ya gama da kaza, ɓeraye kaɗan sun ishe shi jarrabawa. Kwas ɗin horon da aka saba yi kwana 5 ne, wajen awa 40, amma kada kowa ya ɗauki takardar shaidarsa a matsayin ijaza, gama hannun da aka bari wata da watanni ba ya taɓa allura yakan koma kusa da inda ya fito.

Bukatar wannan fanni a ƙasarmu ba ɓoyayya ba ce ga wanda ya san haɗarin mota da na injin niƙa, ko ya ga yaran da ake kaiwa asibitin cutar noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, don a gyara musu fuska. Tsadar aikin tana ga madubi da hantsaki da zare. Abin gwajin kuwa yana kowace kasuwa. Muna roƙon shugabannin asibitocin koyarwa su ware ɗaki ɗaya da madubi ko da guda biyu, su bar shi a buɗe dare da rana, su kuma sharɗanta cewa ba mai ɗinka jijiyar majinyaci sai malami ya tsaga ɗinkinsa na kaza ya duba ya yarda.