Basir: Mene ne Ke Kawo Shi?

Mai karatu, in ka zaga kasuwa ranar cinta, da wuya ka rasa mai tallar maganin basir. Ciwon baya, ya ce basir ne. Kasala, basir. Rashin ƙarfin namiji ma basir. Shi ya sa mutane da yawa suke shan jiƙo shekara da shekaru, alhali ciwon da ke cinsu daban ne.

Kowane mutum yana da ƙananan jijiyoyin jini a cikin dubura da bakinta. In ana matsa musu kullum, sai jini ya taru a ciki, su kumbura. Wannan kumburin shi ne basir. Na ciki bai cika zafi ba, sai dai ka ga jan jini in ka yi bayan gida, wani lokaci kuma ya leƙo waje. Na waje yakan yi ƙaiƙayi, in jini ya daskare a cikinsa kuwa, har zama yakan gagara.

Babban abin da ke matsa wa jijiyoyin nan shi ne yunƙuri saboda taurin bayan gida. Taurin kuwa daga abinci yake farawa. In aka surfe gero ko masara tas, an ba dabbobi dusar da hanji yake bukata. Wanda cimarsa burodi ce da farar shinkafa da garin rogo, ba ganye ba wake, ga ƙarancin shan ruwa lokacin bazara, dole bayan gidansa ya bushe. Haka wanda yake matse kashi don yana gona ko yana kan hanya. Ƙwayar tramol ma tana ɗaure ciki ƙwarai. Zawo mai daɗewa shi ma yana kawo basir, saboda yawan tsuguno da yunƙuri.

Wasu sana'o'i suna ƙara haɗarin: direban babbar mota da ke wuni a zaune daga Ngawundare zuwa Njamena, da tela, da ɗan dako mai ɗaukar buhu. Ƙiba da tari mai daɗewa suna ƙara nauyi a kan dubura. Shekaru ma suna da nasu, don an fi ganinsa tsakanin masu shekara 45 zuwa 65. A wasu gidajen kuma gado ne.

Ke mai ciki, a watanni 3 na ƙarshe ɗan da ke cikinki yana danne jijiyoyin ƙugu, ga yunƙurin naƙuda a gaba. Sau da yawa kumburin yakan saɓe bayan haihuwa. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki wurin awo tana iya ɗaure ciki, amma kada ki daina sha. Ki ƙara ruwa da ganye, ki kuma gaya wa mai awon.

Ana cewa shan zaƙi ne ke kawo basir. Sukari ba ya kumbura jijiya. Barkono ma ba ya kawo shi, sai dai yakan ƙara raɗaɗi ga wanda yake da shi.

To, rigakafin yana gidanka. Ka sha ruwa kamar kofi 8 a rana, ka ƙara in kana aiki cikin zafi. Ka riƙa cin wake, zogale, rama, miyar kuka da kuɓewa, gwanda da mangwaro. In bayan gida ya matsa, ka je nan take, kada ka wuce minti 5 a tsugune. In bai zo ba, ka tashi, kada ka tilasta.

Abu na ƙarshe: jini a bayan gida yana iya zama atuni, ko tsargiyar hanji, ko ciwon daji. In jinin yana dawowa, ko bayan gida ya yi baƙi, ko kana rama, ko jiri yana ɗibarka, ka zo a duba ka, musamman in ka haura shekara 40. Kada ka yarda a yanke tsiron ko a ƙona shi a gida, jini yana iya ƙin tsayawa. Dubawar ba ta daɗewa, kuma sirrinka ba ya fita daga ɗakin. Kada kunya ta hana ka zuwa.