KAYAN ƊAKI: KANTI KO WAJEN KAFINTA?

 Yau na ɗan jingine alƙalamin labaran soyayya, zan taɓo abin da ke biyo bayanta, wato kayan ɗaki, musamman kabet da sif. Domin kuwa da zarar an sa rana barci ya ƙaurace wa iyaye, uwa ta kwashi adashi, uba ya ci bashi, wani ma har gonar gado yake sayarwa don kada a yi wa 'yarsa gori a gidan miji. To kuɗin da aka samu da irin wannan wahala, ai bai kamata a zuba su inda damina ɗaya za ta cinye ba.

A nan Kaduna hanya biyu ce. Ko dai a nufi manyan kantuna irin na titin Ahmadu Bello, ko kuwa a gangara Tsohuwar Fanteka da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko wajen kafintan unguwa.

Alal haƙiƙa kanti yana da daɗinsa. Abin da idonki ya gani shi za a kai miki, babu zo gobe zo jibi, ga rasit a hannu. Idan biki saura sati biyu, kanti ne mafita. Sai dai fa ƙawata, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Da yawa daga cikin kayan da ake cewa 'yan Turkiyya ne ko 'yan Chaina, ba zallan katako ba ne, garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, sannan aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi, shi ne kafintoci ke kira MDF. Babban abokin gabarsa ruwa. Mu kuwa daminarmu tun daga wajen Mayu har Oktoba take, ga goge ɗaki kullum. Da ƙafar kabet ta sha ruwa sai ta kumbura kamar burodi, kuma ba ta komawa. Sannan idan aka kwance shi sau ɗaya sau biyu, ramin kusa ya buɗe, ƙofa ta fara reto. Ku tuna yawancin amare a gidan haya suke farawa, bana Unguwar Dosa, baɗi Kawo ko Badarawa. Ga tsada, don tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo.

Shi kuwa kafinta, zai zo ya auna ɗakin, ya yi miki daidai da shi. Sau nawa aka kai sif ya ƙi shiga ƙofa, 'yan jere suna tsaye cirko-cirko, dangin ango suna kallo? Sannan ke ce mai zaɓen katako, ko maɗaci, ko malaina, ko filawud mai kauri. In hannun durowa ya cire ko madubi ya fashe, kin san inda za ki same shi.

Amma kada in ɓoye muku, shi ma yana da nasa halin. Na farko saɓa alkawari, ana gobe jere ana shafa fenti. Na biyu ɗanyen katako. In bai bushe ba, hunturu na kamawa sai ki ji yana ƙara cikin dare, ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na uku, in ba a shafa magani ba, gara ta samu abinci. Wani kuma ya nuna miki hoto a waya, ranar da ya kawo kayan ki rasa gane su.

Saboda haka ga shawarata. A fara auna ɗaki da faɗin ƙofa kafin a taya komai. In kanti za a je, a zagaya bayan kabet ɗin a ƙwanƙwasa, a zaro durowa a duba cikinta, don a nan gaskiya take ɓuya, a kuma tambaya wa zai gyara in ya lalace. In kafinta ne, a je gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce a gani da ido. A ba shi aiki da saura wata uku, a rubuta irin katako da awo da ranar kawowa gaban shaidu, kuma kada a biya duka sai kaya sun iso. A tafi da Yaya ko Kawu wanda ya san katako.

Ni dai a ganina, ga 'yar talaka mai shiga gidan haya, kafinta mai amana ya fi. Kayan ɗaki dukiyarki ce, ba ta miji ba, ita za ta zauna da ke bayan 'yan biki sun watse. Don Allah kada ki tasa Baba gaba da kuka wai sai irin na wance, alhali kin san ƙarfinsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah Ya ba mu mazaje nagari, Ya rufa wa iyayenmu asiri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.