Yadda Ake Riƙe Rijiyar Mai a Cikin Teku



Mai haƙar rijiya a Kusfa, nan cikin birnin Zazzau, tsoronsa shi ne ƙasa ta rufta masa, ko numfashi ya ƙare masa a can ciki. Ruwan da yake nema kuwa yana kwance, sai an zura guga. Rijiyar mai ba haka take ba. Mai da iskar gas suna matse ne cikin ƙofofin dutse, ƙarƙashin nauyin ƙasa da na teku, da zarar an huda wurin sai su nemi hanyar sama da kansu.

Abin da ke danne su laka ce. Akan dama yumɓu da wani dutse mai nauyi da ake kira barait, irin wanda ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa, a tura cikin bututun haƙa, ta fita ta ƙasa, ta komo sama ta gefe. In lakar ba ta yi nauyi ba, gas ya kutso. In nauyinta ya wuce kima, dutse ya tsage ya shanye ta, rijiya ta zauna babu mai tsaro. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu, a teku mai zurfi, 'yar kaɗan ce ƙwarai.

To, a nan ne lissafi ya shigo. Gas yana kumbura yayin da matsi ya ragu. Wanda bai wuce cikin ganga ɗaya ba a zurfin mita 3,000, kafin ya iso baki ya kusa cika ganga 300, yana tunkuɗo laka a gabansa, watau yana rage abin da ke danne shi. Saboda haka injiniyoyi suke gina rijiyar a cikin kwamfuta tukuna, su ba ta zurfi da zafi da nauyin laka, sa'an nan su saki gas su ga minti nawa ke hannun ma'aikaci kafin ya rufe babban makullin da ke bakin rijiya. A ganina amfanin wannan kwaikwayo ya fi yawa wajen horo, gama alamar farko ba ta da ban tsoro: lakar da ke komowa ce kawai take ɗara wadda aka tura.

Mun ga abin da ke biyo baya in alamar ta wuce. Ran 17 ga Janairu 1980 rijiyar Funiwa ta 5, ta kamfanin Texaco, ta ɓalle a tekun da ke gaban Sangana, a Jihar Bayelsa ta yanzu. Ta yi wajen mako biyu tana aman mai, itatuwan bakin ruwa suka mutu, masunta suka rasa abin yi. A 2010, a Tekun Meziko, makullin Deepwater Horizon ya kasa yanke bututu, mutum 11 suka halaka, mai ya kwana 87 yana zuba. Bayan shekara biyu, ran 16 ga Janairu 2012, gas ya sake ɓallewa a filin Funiwa ɗin nan, ƙarƙashin dandamalin haƙa na KS Endeavor. Ma'aikata biyu suka rasu, wuta kuwa ta yi ta ci a kan ruwa har farkon watan Maris.